Foldata ta asibiti a cikin waya

Mun sauka Ingila a watan Satumban 2022, ni da yara biyu, muna biye da maigida da ya samu gurbin karatun digiri na biyu a Manchesta. Tun wajen neman biza muka biya kuɗin lafiya, fam 470 a shekara kan kowane mutum har da yaran, don haka ganin likita ba zai sake cin ko kwabo ba. Matan da suka riga mu zuwa kuwa magana ɗaya suka yi ta nanata mini a waya: kafin ki nemi shagon da ake sayar da kuka da daddawa, ki kwashi yaran ku je ku yi rajista da GP.

GP ƙaramin asibitin unguwa ne, likitoci 'yan kaɗan da ma'aikatan jinya. A nan ba a tashi haka kawai a nufi babban asibiti sai in abin gaggawa ne. GP ne zai fara duba ka, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya tura ka gaba, kuma babban kundin lafiyarka a hannunsa yake zama. Rajistar ba ta ba ni wahala ba, ko takardar izinin zama ba su nema ba. Sai dai akwai layin da aka ce a rubuta sunan tsohon GP, domin su nemo bayanan mutum daga can. Na bar shi fari, na cike ranar da na shigo ƙasar. Bayan ɗan lokaci wasiƙa ta zo da lambar NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar, lambobi 10, kowannenmu da tasa, kuma da ita za a san mu a duk asibitin da muka shiga a Ingila. A Kano ban ma san adadin katunan asibitina ba. Kowane asibiti da nasa katin da tasa lambar, Umma ce take adana mini su a wata tsohuwar jakar Makka tare da takardun makaranta.

Manhajar NHS App tun 2019 take aiki, amma ni sai da sanyin hunturu ya ratsa ni na sauke ta, saboda na gaji da buga waya da ƙarfe 8 na safe ina jiran layi. Shigarta sai da tantancewa. Za ka ba da imel da lambar waya, su turo maka lambobi 6 ta tes. Daga nan ka ɗauki hoton fasfo, shafin da ke da hotonka, a shimfiɗe a kan tebur inda haske ba zai yi ƙyalli a kai ba. Sai fuska: ka riƙe wayar daidai fuskarka, allon ya yi ta walƙiya da launi-launi har ya gama gwada ka da hoton fasfon. Ban cire hijabi ba, fuskar kawai suke son gani. Wanda wayarsa ba za ta iya wannan ba, ɗan bidiyo zai ɗauka yana faɗin wasu lambobi 4 da za su nuna masa. Wanda kuma ba shi da katin shaida mai hoto, asibitin unguwa zai ba shi wasu bayanai 3 da zai shigar a madadi. Da dare na yi, kafin gari ya waye saƙo ya zo cewa an amince. Manhajar ta wanda ya kai shekara 13 ce kuma yake da rajista da GP a Ingila. Ƙawata da ke Gilasgo ba ta da ita, don Sikotland tsarinta daban ne.

Na buɗe da ɗoki, na tarar da fili fetal. Sunana, ranar haihuwata, lambata, sunan asibitin unguwa. Wajen magunguna babu komai. Wajen magungunan da jiki ba ya karɓa babu komai. Mace mai shekara talatin da ɗoriya, haihuwa biyu, ɗaya ma da aiki, ga taifot da zazzaɓin cizon sauro da ba su ƙirguwa, amma a idon kwamfutar nan ranar da na cike fom aka haife ni.

Daga 31 ga Oktoban 2023 aka wajabta wa asibitocin unguwa a Ingila su buɗe wa duk wanda ya kai shekara 16 sababbin bayanansa: abin da likita ya rubuta bayan kun gana, sakamakon gwaji, da wasiƙun da babban asibiti ke aiko wa GP. Sababbi kawai. Abin da aka rubuta kafin nan sai ka nema da bakinka.

A hunturun shekarar ne wata irin kasala ta addabe ni, likita ta sa aka ɗebi jinina. Wata ranar Juma'a bayan isha'i, yara sun kwanta, na leƙa manhajar sai ga sakamako ya fito. Dogon jeri ne, kowane layi da lambarsa, a gefe kuma an nuna iyakar da ake ɗauka lafiya. Bitamin D ya yi ƙasa, wannan bai ba ni mamaki ba. Ga rashin rana, ga baƙar fata, ga lulluɓi. Ai hukumar lafiyar da kanta tana ba irinmu shawarar shan maikirogiram 10 kullum duk shekara. Abin da ya tsayar da ni wani layi ne na fararen ƙwayoyin jini, nau'in da ake kira nutirofil. Nawa 1.6, iyakar da suka sa ta fara daga 2.0. A sama likita ta rubuta kalmomi kaɗan, cewa ba wani abin yi. To in ba abin yi, me ya sa lambar ta faɗo ƙasa da layi? Na shiga intanet. Duk wanda ya taɓa tambayar intanet ciwo da tsakar dare ya san inda take kai mutum. Kafin ƙarfe 12 na karanta sunayen cututtukan da ko faɗarsu ba na son yi. Asibitin unguwa kuma a rufe har Litinin.

Ranar Litinin na tura saƙo ta fom ɗin intanet na asibitin, da rana likitar ta kira. Ta tambaye ni daga ina iyayena suke, na ce arewacin Najeriya. Ta ce ta yi zaton haka. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma, in ji ta, ba su da wani sinadari da ake kira Dafi a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, gado ne, kuma yana ba da kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Masu wannan gadon lambar nutirofil ɗinsu takan zauna ƙasa-ƙasa, alhali garkuwar jikinsu ƙalau take. Iyakar da ke kan takardar kuwa yawanci da jinin Turawa aka tsara ta. Ta ce za a maimaita gwajin nan gaba don a tabbatar lambar a zaune take. Na ce to don Allah in an tabbatar ta rubuta wannan bayanin a kundin, kada wani likitan ya gani gobe a sake sabon lale. Ta rubuta, na gani da idona.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma manhajar nan ƙaramin sani take fara ba ka. Lamba take miƙo maka, ba ta zauna ta yi maka bayani. Duk da haka ba zan yarda a mayar da ni zamanin da ban gani ba. Na tashi na ga yadda ake yi a gida: likita ya ja babban ɗa ko miji gefe ya faɗa masa, a dawo a ce wa mai ciwon ba komai, da sauƙi. Kakata har ta koma ga Allah ba wanda ya gaya mata sunan ciwon da ke cinta, kuma da niyyar tausayi aka yi. A nan mai jikin ne kan gaba. Ba wai sun bar komai a sake ba ne: sakamakon da GP ya sa aka yi ba ya fitowa sai likita ya duba, kuma yana da ikon ɓoye wani har sai ya zauna da kai, don kada mummunan labari ya riske ka kai kaɗai a ɗaki. Amma a ƙarshe kai za a faɗa wa, ba yayanka ba.

Wajen nan na magungunan da jiki ba ya karɓa shi ya ci gaba da damuna. Da cikin fari, a wurin awo, an ba ni maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya 3 da ake haɗiyewa a gaban nas, wanda ma'aikatan lafiya ke kira SP. Ya tayar mini da borin jini, leɓɓana suka kumbura, bakina ya yi gyambo har abinci ya gagare ni. Likitan da ya duba ni ya ce har abada kada in ƙara shan magani mai sinadarin salfa. Kuma na tabbata na faɗa wa nas ɗin da ta yi mini gwajin sabuwar rajista a 2022. To ina maganar ta shiga?

Na je kantar asibitin unguwa na ce ina son ganin tsofaffin bayanaina. Doka a nan ta bai wa kowa damar neman kwafin abin da aka rubuta a kansa, kyauta, kuma a ba shi amsa cikin wata guda. Matar ta ba ni fom, ta duba fasfona. Ta ce sai likita ya bi kundin tukuna, domin in akwai maganar wani mutum daban a ciki a rufe ta. Nawa kundin bai taka kara ya karya ba, bai ɗauki lokaci ba aka buɗe. Ga shi nan a rubuce: ta yi zazzaɓin cizon sauro lokacin da take da ciki. Shi ke nan. Maganar magani ta faɗi a hanya, ko saboda harshena, ko saboda saurinta, ko don ba ta taɓa jin ana bai wa mai ciki lafiyayya maganin zazzaɓi ba.

Gyara ba da baki ake yi a kanta ba. Na rubuta saƙo, na faɗi ranar da aka yi rubutun da abin da ya kamata a ce. Likita ya kira ya yi mini tambayoyi filla-filla: bayan sha da wane lokaci abin ya fara, ko numfashi ya ɗauke, ko fata ta saɓule, ko an kwantar da ni. Sannan ya shigar. Tsohon rubutun ba a goge shi ba, yana nan da ranarsa, sabon yana biye. Haka ƙa'idar take: kuskuren zahiri ana gyarawa, ra'ayin likita kuwa ba a cirewa don bai yi maka daɗi ba, sai dai a liƙa naka bayanin a gefe. Dalilin da ya sa na nace shi ne, daga kundin GP ake tsamo wani taƙaitaccen bayani, magungunan da kake sha da waɗanda jikinka ba ya karɓa, wanda sashen gaggawa da masu kemis ke iya gani. SP ba a cika amfani da shi a nan ba, amma akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta 'yan gidansu da ake bayarwa. In an kai ka asibiti ba ka cikin hayyacinka, abin da ke kan allon nan shi zai yi magana a madadinka.

A 2024 na samu ciki. Abu na farko da na yi, na sa wa manhajar makullin yatsa na kashe sanarwar da ke fitowa a fuskar waya, don yara ba sa rabuwa da wayata, ni kuma ko Umma ban faɗa wa ba tukuna. Awon farko ana son a yi shi kafin mako 10, kuma doguwar hira ce da ungozoma. A tsakiya ta nemi maigida ya ɗan ba mu wuri, ta tambaye ni ko akwai mai takura mini a gida, ko akwai mai tilasta mini in nuna masa abin da ke wayata, domin in akwai suna iya ɓoye wasu bayanan. Na yi dariya na ce babu. Ta ce kowace mace suke tambaya. Da na fito na yi tunani, na san matan da tambayar nan ba za ta ba su dariya ba.

Na je da takardar gwajin da muka yi kafin aure, mai nuna ni AS ce. Ta karɓa ta duba da mutunci, ta ce duk da haka sai sun sake nasu, kuma tunda ina ɗauke da ƙwayar sikila za a gwada maigida ma. Ya fito AA kamar yadda muka sani. Wannan mai sauƙi ne, jini yana nan a jiki, ko yaushe a ɗiba. Mai wuyar shi ne abin da ba a iya sake gwadawa.

Ɗana na biyu a zaune ya zo, aka yi mini aiki. Likitar mata ta babban asibiti ta ce tana son sanin irin yankan da aka yi wa mahaifa. Na nuna mata tabon, a kwance yake a ƙasan mara. Ta ce tabon fata ba shi ne shaida ba, ana iya yanka fata a kwance a yanka mahaifa a tsaye. In a kwance aka yi a ƙasan mahaifa, zan iya gwada haihuwa da kaina: kusan mata 3 cikin 4 suna yin nasara, wadda ta taɓa haihuwa da kanta ma ta fi haka, haɗarin tabon ya buɗe kuma kusan 1 cikin 200 ne. In a tsaye ne, ba maganar naƙuda, sai a sake aiki. Ta tambaya ko zan iya samo takardar aikin daga gida.

Na kira yayana a Kano. Na ce, "Yaya, taimako za ka yi mini, amma maganar ta tsaya tsakaninmu da Umma."

Umma ta zazzage jakar Makka ta zaƙulo katin, ya koɗe amma lambar tana karantuwa. Ba don lambar nan ba da ban san inda za a fara ba, don ofishin ajiyar folda da lamba yake aiki, masu irin sunana kuwa a Kano sai dai a kwashe su da tirela. Yaya ya je, ya kira ni rai a ɓace.

"Wai sai kin rubuto da hannunki. Na ce musu ni fa yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin ya ce ko mijinta ne sai da takarda."

Na ce, "Yaya, gaskiyarsa ce. Da wani ne ya je neman taka fa?"

Ya ce, "To naji, Baturiya. Rubuto."

Na rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban asibitin, na sa hannu, na haɗa da hoton fasfo na tura ta WhatsApp, ya buga a shagon kwamfuta ya kai. Na ja masa kunne: takardar aikin nake so, wadda likita ya rubuta a ɗakin tiyata, ba takardar sallama ba. Mutane da yawa ba su san cewa wannan haƙƙinsu ne a Najeriya ma ba. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 ya ambaci damar samun bayanan asibiti, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta bai wa mutum damar neman kwafin abin da aka ajiye a kansa. Dokar ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne foldar tana nan ko gara ta riga ka.

Tawa tana nan. An biya kuɗin rahoto, aka shiga sito aka nemo ta. Likitan da ya yi aikin ya daɗe da barin wurin, wani ne ya karanta ya rubuta rahoto, ya buga hatimi, aka kuma yarda aka haɗa da kwafin ainihin shafin. Yaya ya fara turo mini hoton da ya ɗauka a kan sitiyarin mota, rabin shafin inuwar hannunsa ce. Na roƙe shi ya koma shagon kwamfuta a yi sikanin. Rubutun hannun likitan ni ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Likitar nan kuwa tana gani ta sa yatsa a kan wasu haruffa huɗu ta ce, "Ga abin da nake nema." A kwance aka yi, a ƙasa.

Akwai abin da na koya a nan wanda ba wanda ya faɗa mini tun farko. Asibitin haihuwa yana da tasa manhajar daban, da nata shiga da lambar sirri, kuma abin da ke can ba lallai ya bayyana a kundin GP ba sai abin da suka aiko a wasiƙa. Saboda haka na kai kwafi biyu, ɗaya can ɗaya nan. Na biyu kuma, takardar da aka yi wa sikanin hoto ce kawai a cikin kundin, tana can ƙasa cikin tarin wasiƙu, likitan da ke da minti 10 da kai ba zai tono ta ba. Sai an ɗauko abin da ke ciki an shigar da shi cikin jerin manyan abubuwan tarihin lafiyarka sannan yake fitowa a shafin farko. Na nemi a yi hakan: aikin da shekararsa, dalilinsa, irin yankan, da AS ɗina. Tun daga nan na daina maimaita labarina daga farko duk lokacin da na ga sabuwar fuska.

Allah ya sauke ni lafiya, da kaina. Jaririyar tun a ɗakin haihuwa aka ba ta lambarta, a kwana na 5 aka tsaga dugaduganta aka ɗebi jini don gwaje-gwajen jarirai, har da na sikila. Ita nata kundin ba shi da giɓi.

Na yayyenta ne ya sha aiki. Don uwa ta ga kundin 'ya'yanta a cikin tata manhajar, sai ta cike fom a asibitin unguwa. Matar kanta ta dubi sunayen ta dube ni, don sunana na ƙarshe na mahaifina ne, nasu kuma na ubansu. Na ce haka muke yi, aure ba ya canza wa mace uba. Ta ce ba matsala, in kawo takardun haihuwa. Na kawo na Hukumar Ƙidaya, aka haɗa mu. Katunan rigakafinsu ma da na taho da su sun yi rana. Nas ta zauna ta bi su layi-layi tana shigarwa, BCG, foliyo, Penta, shawara, kowanne da ranarsa. Da ta zo kan allurar ƙyanda ta wata 9 sai ta ce wannan ba za ta shiga lissafinsu ba, domin a nan wadda aka yi kafin shekara 1 ba a ƙirga ta, kuma tasu haɗe take da ta hangum da rubela, sau biyu ake yi. Aka yi musu. Wata maƙwabciyata da ta baro nata katunan a gida, nata yaran kusan daga farko aka faro musu.

Maigida kuwa manhajar tana wayarsa amma ko leƙawa ba ya yi. An yi masa gwajin suga na wata uku, aka turo masa tes, ya ce zai duba. Da na matsa ya buɗe muka ga 44. A gida da kaso ake faɗa, 6.5 shi ne ciwon suga. A nan 48 ne daidai da hakan, daga 42 zuwa 47 kuma bakin gaɓa ne. Na ce, "Malam, shayin nan mai cokali uku ya zo ƙarshe." Ya miƙo mini wayar ya ce in riƙe lambar sirrin kawai in dinga duba masa. Na ƙi. Akwai hanyar da aka tanada: ya sa hannu a fom cewa ya yarda, in shiga da sunana, a san ni ce na duba ba shi ba, kuma duk ranar da ya ga dama ya janye. Ya cike. Da ya zo wajen zaɓen abin da zan iya gani, ya ba ni alƙawuran ganin likita da neman magani, ya tsallake sauran, yana murmushi. Ban ce komai ba, nasa ne.

Babbar 'yata ta kusa cika shekara 11 sai saƙo ya zo cewa daga ranar za a rufe mini kundinta. Tsakanin 11 da 16 sai an ji ta bakin yaron, likita ya auna hankalinsa, sannan a san abin da za a bar wa iyaye. Daga 16 kuwa nata ne ita kaɗai, sai in ita ta ba da izini. Na karanta wa maigida, ya ajiye cokali.

"Yarinyar da har yanzu ni nake ɗaure mata igiyar takalmi in mun makara?"

Ni ma abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Amma na tuna shekarun da na fara girma, da abubuwan da na kasa tambayar kowa saboda kunya, har wata ƙawa ta ba ni amsar da ba daidai ba. Da dare ina yi mata kitso na faɗa mata yadda ake ciki, na tambaye ta me take so. Ta yi shiru tana wasa da kibiya, sannan ta ce, "Mama, ki ci gaba da gani. Amma ki daina karanta wa Hajiya a waya. Ranar nan har nauyina kika faɗa mata, kuma su Anti duk suna ji."

Na ce na daina. Mun karɓi ranar ganin likita a hutun makaranta, don sun ce ba daga bakina za su ji ba, sai ta faɗa da kanta.